Kafin Ka Ƙaura Daga Windows 10 Zuwa Windows 11: Abubuwan da Za Ka Auna

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, cikin watan Rabi'us Sani na shekarar 1447, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, babu tambayar da 'yan uwa mazauna Madina da Makka da Jidda suka fi yi mini kamar wannan: shin in koma Windows 11, ko kuwa in ci gaba da zama a kan abin da hannuna ya saba da shi? Masu tambayar iri-iri ne. Akwai ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura da ke tsakiyar rubuta risala, akwai masu ƙananan ofisoshi da ke hidimar alhazai da masu Umara, akwai kuma magidantan da kwamfuta ɗaya tak ke gidansu, yara na karatu da ita da rana, uba kuma ya shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da ita da dare domin sabunta iƙamar iyali, wato takardar izinin zama. Ba amsa ɗaya nake ba su ba, domin hukuncin ya rataya ne a kan abu uku: ƙarfin na'urar da ke gabanka, irin aikin da abincinka ko karatunka ya dogara da shi, da kuma lokacin da za ka iya jure tsaiko na kwana ɗaya ko biyu ba tare da ka cutu ba.

Wajibi ne a fara fahimtar abin da ya ƙare a waccan rana, domin mutane da yawa sun rabu gida biyu a kan kuskure. Wasu sun zaci kwamfutarsu za ta wayi gari ta ƙi tashi, suka ruga kasuwa suka sayi sabuwa ba tare da bukata ba. Wasu kuma da suka ga ta tashi lafiya washegari, sai suka ɗauka cewa maganar duk dabarar kasuwanci ce kawai. Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, tana nan tana aiki, fayilolinka na nan, firintarka na bugawa. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke turowa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, wanda da shi ake toshe kafofin da aka gano a jikin babbar manhajar. Haɗarin yana ƙaruwa ne a hankali, kuma ga dalili. Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a babban ɓangare na gininsu, saboda haka duk watan da aka fitar da faci ga Windows 11, masu kutse kan zauna su yi nazarinsa, su gane wace ɓaraka aka toshe, sannan su koma su nemi irinta a tsohuwar manhajar da babu mai toshe mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar tana ƙaruwa wata bayan wata.

An taɓa ganin irin wannan a fili. A watan Mayu na 2017, manhajar garkuwa da fayiloli da ake kira WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Facin da ke toshe kafar da ta bi ya riga ya fito tun watan Maris na wannan shekara; waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda facin bai shiga na'urorinsu ba. Wanda ya zauna a kan Windows 10 ba tare da wani tanadi ba ya sa kansa cikin wannan sahu na dindindin. Wani zai ce ai yana da manhajar kashe bairos, kuma gaskiya ne Microsoft Defender zai ci gaba da samun sabbin bayanan gano bairos a Windows 10 har zuwa Oktoban 2028. Sai dai mai gadi a bakin ƙofa aikinsa daban, gyaran katangar da ta zube ta baya kuma aikin magini ne.

Wannan batu ya fi nauyi a kanmu mazauna Saudiyya saboda yadda rayuwa a nan ta koma intanet kusan gaba ɗaya. Iƙama, takardar fita da dawowa, lasisin tuƙi, asusun banki, biyan haya, izinin Umara da ziyarar Rauda ta manhajar Nusuk, duk ta allo ake yin su. Tabbatarwar da Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mai shiga, ke yi ta waya kariya ce mai kyau, amma ba ta hana ɓarawon da ya riga ya shiga kwamfuta kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, ko hotunan takardun da ke cikin babban fayil. Na sha buɗe kwamfutar ƙaramin ofishin Umara in tarar da hotunan fasfo na ɗaruruwan bayin Allah daga Kano da Sakkwato da Maraɗi a zube a kan allon farko, kowanne da sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa. Waɗannan amana ce a hannun mai ofishin, kuma a ganina wanda ke riƙe da irin wannan amana ba shi da uzurin barin ta a na'urar da ba a yi mata faci.

Duba na'urar kafin komai

Mataki na farko ba ya cin ko riyal ɗaya. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramin akwatin da zai fito zai gaya maka wace Windows kake kai da kuma sigarta. Idan Windows 10 ce, ya kamata ka ga 22H2, domin ita ce siga ta ƙarshe, kuma shirin ƙarin facin tsaro da zan ambata a gaba da ita yake aiki. Idan kuwa ka ga Windows 7 ko 8.1, to lamarinka ya fi gaggawa, domin an daina kula da ta farko tun 14 ga Janairu, 2020, ta biyu kuma tun 10 ga Janairu, 2023, kuma mafi yawan na'urorin wancan zamani ba za su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Daga nan ka sauke ƙaramar manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft kansa, ka buɗe ta, ka sa ta duba. Cikin daƙiƙoƙi za ta faɗa maka ko na'urar ta cancanta, idan kuma ba ta cancanta ba za ta nuna sharaɗin da ya gaza. Sharuɗɗan Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, su ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai bit 64 da ke cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su, ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, tsarin tashi na zamani da ake kira UEFI mai iya Secure Boot, wato kariyar da ke hana baƙuwar manhaja shiga lokacin tashi, da kuma guntun tsaro na TPM siga ta 2.0. Biyu daga cikinsu ne ke kayar da mafi yawan kwamfutoci, wato furosesa da TPM, kuma bambancin da ke tsakaninsu babba ne, domin matsalar TPM sau da yawa ana gyara ta cikin minti biyar, ta furosesa kuwa a kwamfutar cinya ba ta da gyara.

Game da furosesa, ƙa'idar a taƙaice ita ce Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017, AMD kuma kusan daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan kaɗan da aka ware. Karanta lambar ba shi da wuya. Idan ka ga i5-7200U, lambar farko bayan layin, wato 7, ita ce zuriya, kuma wannan bai shiga ba. Idan ka ga i5-8250U, ya shiga. Idan lambobin sun kai biyar kamar i5-10210U, biyun farko ne zuriyar, wato ta 10. Mutane da yawa na ruɗuwa da i5 da i7, suna zaton duk i7 sabuwa ce, alhali i7 ta zuriya ta 6 ba ta cancanta ba, i3 ta zuriya ta 10 kuwa ta cancanta.

Shi kuwa TPM, sau da yawa yana nan cikin na'urar, an dai bar shi a kashe ne tun daga masana'anta, musamman a kwamfutocin tebur da aka harhaɗa a shago. Ka rubuta tpm.msc a wancan akwati na Windows da R. Idan ya ce bai samu ba, kada ka yanke ƙauna. A shiga saitin BIOS, wato saitin na'urar kanta da ake buɗewa lokacin da take tashi kafin Windows ta fito, a nemi PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce, a kunna, a ajiye. Wani ɗan uwa a Madina ya zo mini da niyyar sayar da kwamfutarsa ta tebur a kan kuɗi kaɗan saboda an ce masa ba ta ɗaukar Windows 11. Muna zaune ko shayin da aka zuba bai huce ba muka kunna PTT, manhajar dubawa ta nuna alamar kore. Inda nake ba da shawarar a kai wa masani shi ne batun Secure Boot, idan an girka tsohuwar Windows a kan faifai mai tsohon tsarin rabo da ake kira MBR. Sai an fara juya faifan zuwa sabon tsarin rabo na GPT kafin a sauya yanayin tashi, kuma wanda ya sauya saitin kafin ya juya faifan zai tarar da kwamfutar ta ƙi tashi.

Akwai kuma abin da manhajar dubawa ba za ta gaya maka ba. Ram gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 za ta yarda ta zauna a kai, amma wanda ya buɗe burauza da shafuka goma, ga Word, ga Maktaba Shamila, manhajar tarin littattafan Musulunci na Larabci, zai ga na'urar tana jan ƙafa. Gigabait 8 shi ne ƙasan abin da nake ganin ya dace da aiki na gaske. Haka nan idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, sauya shi da SSD, wato sabon faifai marar juyawa, zai ƙara wa na'urar sauri fiye da duk wata sabuwar manhaja. Ga ƙura da zafin Hijaz kuma: girka babbar manhaja aiki ne da ke sa furosesa gumi na awa ɗaya ko biyu, kwamfutar da fankarta ta toshe da ƙura tana iya mutuwa a tsakiya, don haka a busa ta tukuna.

Aikin da ya rataya a kanta

Nan ne mutane suka fi yin sakaci, nan ne kuma asarar ta fi zafi. Ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta kowace manhaja da kowace na'ura da idan ta tsaya gobe aikinka ya tsaya. Kusan duk abin da ke aiki a Windows 10 mai bit 64 yana aiki a Windows 11, kuma a mafi yawan lokuta ƙaurar takan wuce ba tare da an rasa komai ba. Matsalar tana ɓoye ne a tsofaffin kayan aiki. Windows 11 ba ta da siga mai bit 32, saboda haka tsohuwar sikanar fasfo ko firintar rasit da direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, na bit 32 ne kaɗai ba za ta yi aiki ba, sai idan masu ƙera ta sun fitar da sabon direba. Ka shiga shafinsu ka duba lambar samfurinka kafin ka taɓa komai. An cire Internet Explorer, kodayake burauzar Edge na da yanayin da ke kwaikwayonsa domin tsofaffin shafuka, an kuma cire WordPad daga siga ta 24H2. Masu shago da ke fitar da fatura, wato takardar ciniki, ta kwamfuta, bisa tsarin da hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta tun 4 ga Disamba, 2021, su fara tambayar kamfanin da ya sayar musu da manhajar lissafin ko ta dace da Windows 11, su kuma tambayi yadda ake mayar da lasisinta idan aka sake girkawa, domin wasu lasisin a ɗaure suke da na'ura ɗaya.

Kada a manta da Office. A wannan rana ta 14 ga Oktoba, 2025 aka daina kula da Office 2016 da Office 2019 su ma, don haka wanda ya koma Windows 11 ya bar tsohon Office ya toshe ƙofa ɗaya ne ya bar ɗaya a buɗe, alhali ta takardun Word da Excel da ake turowa a imel ɓarna da yawa ke shigowa.

Ga ɗalibai, abin da ya fi muhimmanci shi ne haruffan rubutu. Risalar da aka tsara da Traditional Arabic ko Sakkal Majalla, aka sa ayoyi da haruffan Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, tana dogara ne da kasancewar waɗannan haruffa a cikin na'urar. Idan aka yi fomatin aka girka Windows 11 da Turanci kawai, ƙarin haruffan Larabci ba sa zuwa da kansu sai an ƙara harshen Larabci ko an sauke su daga sashen ƙarin fasaloli, na cibiyar kuwa sai an sake girka su da hannu. Na ga ɗalibin da ya buɗe risalarsa bayan an yi masa irin wannan aiki a wani shago, saura kwanaki kaɗan ya miƙa wa mushrif, wato malamin da ke duba aikinsa. Word ya maye gurbin haruffan da wasu, shafukan sun ƙaru, fihirisa ta daina dacewa da lambobin shafi, wasu ayoyin kuma sun koma ƙananan akwatuna marasa ma'ana. Ya zauna ya riƙe kai yana salati, yana zaton aikin shekara biyu ya tafi. Rubutun bai ɓace ba, da muka mayar da haruffan komai ya koma mazauninsa, amma daren da ya kwana bai runtsa ba ana iya kauce masa da abu biyu: kwafe babban fayil ɗin Fonts da ke cikin Windows zuwa filashi, da fitar da risalar a PDF kafin a fara. Haka nan a rubuta inda littattafan Shamila suke a faifai a kwafe su, domin sake sauke su na cin lokaci da data.

Mu da ke rubutu da harshe uku muna da ƙarin abin lura. Windows na da allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ana ƙara shi daga saitin harshe kamar yadda ake ƙara na Larabci, kalandar Ummul Ƙura ma tana cikin saitin yanki. Sai dai wasu kwamfutocin da ake sayarwa suna zuwa da sigar Home ta harshe ɗaya, wadda ke barin ka ƙara allon rubutu amma ba ta barin ka sauya harshen da menu ke fitowa da shi. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya duba wannan tun a shago.

Idan na'urar ba ta cancanta ba

Hanya mafi sauƙi ita ce shirin ƙarin facin tsaro da ake kira ESU, wanda ga ɗaiɗaikun mutane wa'adinsa shi ne 13 ga Oktoba, 2026. Ana shiga ne daga sashen Windows Update a kan siga ta 22H2, da asusun Microsoft, ta ɗaya daga hanyoyi uku: ka yarda a ajiye saitin kwamfutarka a asusun, wanda kyauta ne, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka biya dala 30, wato kusan riyal 113 kafin haraji. Rajista ɗaya na ɗaukar na'urori har 10 da ke kan asusu ɗaya. Ga kamfanoni farashin ya fara daga dala 61 a kowace na'ura a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Shirin facin tsaro kaɗai yake bayarwa, kuma amfaninsa shi ne ya ba ka sararin tara kuɗi ko kammala risala cikin natsuwa.

Hanya ta biyu ita ce Linux, musamman Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, suna tafiya da kyau a tsofaffin na'urori, kuma sigoginsu na dogon zango ana kula da su shekara biyar. Ga gidan da aikin kwamfutarsa bai wuce burauza da kallon darussa da buga 'yar wasiƙa ba, wannan mafita ce ta gaske, kuma ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. Ban cika ba ɗalibin da ke tsakiyar risala shawarar ta ba, domin Word na tebur ba ya aiki a kanta kai tsaye, LibreOffice kuma, wanda shi ne madadin Office a kanta, yakan motsa tsarin hashiya da shafuka a dogayen takardun Larabci da aka fara a Word. Hanya ta uku ta dace da na'urar da ke aiki ɗaya tak, kamar tafiyar da tsohuwar injin buga kati: a cire ta daga intanet gaba ɗaya, a kuma kula da filashin da ake sa mata.

Akwai hanyar da masu gyara da yawa za su tallata maka, wato a tsallake binciken TPM da furosesa a cusa Windows 11 da ƙarfi. Tana aiki, kuma na ga na'urorin da suka yi watanni a haka lafiya. Duk da haka ba na son ta ga kwamfutar da ake neman abinci da ita. Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Kowace sigar shekara ta Windows 11 Home da Pro wata 24 ake kula da ita, kuma na'urar da aka cusa wa ba ta cika karɓar siga ta gaba da kanta ba, sai an sake dabara. Mai ita yana ganin Windows 11 a allo yana zaton ya tsira, alhali bayan shekara biyu yana iya komawa inda ya baro ba tare da ya sani ba. Mafi muni shi ne kwafin Windows da wani ya yi wa kwaskwarima ya ɗora a intanet, ko manhajojin fasa lasisi, domin babu wanda ya san abin da aka dasa a cikinsu. Wanda Windows 10 ɗinsa ke da lasisi na halal, ƙaurarsa kyauta ce, Home zuwa Home, Pro zuwa Pro.

Idan sayen wata ya zama dole, ba lallai sai sabuwa daga Jarir ko eXtra ba. Kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su, masu zuriya ta 8 zuwa sama, suna da yawa a shagunan kwamfuta da kasuwannin gwanjo da shafin Haraj. Abin kiyayewa shi ne kada ganin Windows 11 a allo ya wadatar da kai, domin ana iya cusa ta a na'urar da ba ta cancanta ba. Ka karanta lambar furosesa da idonka, ka buɗe tpm.msc a gaban mai sayarwa, ka tabbatar da lasisi, sannan a yi ciniki.

Ranar ƙaura

Ga wanda na'urarsa ta cancanta, kayan aikinsa kuma suka dace, hukuncina shi ne ya ƙaura, ya kuma zaɓi ranar da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ofishin Umara kada ya taɓa kwamfutarsa a Ramadan ko daga Shawwal zuwa ƙarshen aikin Hajji. Muharram da Safar sun fi sauƙi. Ɗalibi ya jira hutu ko bayan munaƙasha, wato zaman kare risala. Mai ofis mai kwamfutoci da yawa ya fara da ɗaya, a yi mako ana aiki da ita, sannan a bi sauran.

Kafin a fara, a kwafe dukkan fayiloli zuwa faifan waje, waɗanda ba su da madadi kuma a yi musu kwafi na biyu a wani wuri, sannan a buɗe kaɗan daga cikin kwafin a tabbatar suna buɗuwa. OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na kyauta gigabait 5 ne kawai, ba zai ɗauki hotunan iyali da darussan murya na shekaru ba. A tabbatar an san kalmar sirrin imel da ta asusun Microsoft, kuma lambar wayar da ke kan asusun tana hannu, domin da yawa daga cikinmu sun buɗe asusunsu da layin Najeriya ko Nijar da ya daɗe da mutuwa. Wannan yana da muhimmanci saboda sabbin sigogin Windows 11 kan kulle faifai da BitLocker da kansu idan aka yi sabon girki da asusun Microsoft, mabuɗin buɗewa mai lambobi 48 kuma a cikin asusun ake ajiye shi. Ranar da aka sauya wani abu a jikin na'urar ta nemi mabuɗin, wanda ya rasa asusunsa ya rasa fayilolinsa, kuma babu mai gyaran da zai iya dawo masa da su. Ka buga mabuɗin a takarda ka ajiye shi tare da fasfo.

Hanyar da ta fi aminci ga yawancin mutane ita ce ta Windows Update, wadda ke barin fayiloli da manhajoji da haruffa a inda suke. Fomatin sai ga na'urar da ta riga ta cika da matsala. A jona caja, a yi amfani da intanet na gida domin abin da za a sauke gigabait da yawa ne, a cire firinta da sauran na'urorin waje, kuma kada a kashe ta ko da ta yi kamar ta tsaya a kan kaso ɗaya na tsawon lokaci.

Bayan ta tashi, kana da kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 daga sashen farfaɗowa a saiti, muddin ba a goge babban fayil ɗin Windows.old ba. Ka yi amfani da kwanakin nan wajen bin takardar da ka rubuta layi-layi: ka buga shafi, ka ɗauki hoton fasfo da sikana, ka fitar da fatura, ka buɗe risala ka duba fihirisa. Sauye-sauyen fuska ba su kai a koma baya saboda su ba. Maɓallin farawa da ya koma tsakiya ana mayar da shi gefe daga saitin sandar ƙasa, tsohon menu na danna dama kuma yana nan a ƙarƙashin zaɓi na ƙarshe.

Saura tsohuwar na'urar ga wanda ya sayi wata. Al'adarmu ce a ba wani alhaji ita ya kai wa ƙane ko ɗa a gida, kuma alheri ne, amma goge fayiloli da hannu ko zubar da kwandon shara ba ya share su daga faifai. A fita daga asusun Microsoft da na burauza, a yi amfani da zaɓin mayar da kwamfuta sabuwa, a zaɓi cire komai tare da tsabtace faifai, ko da zai ɗauki awoyi. Idan za a iya, a girka mata Linux Mint kafin a naɗe ta, a sa allon rubutu na Hausa da na Larabci, a haɗa da cajarta, a kuma rubuta wa wanda za a kai wa 'yar takarda da ke bayyana abin da ke kanta da kalmar sirrin shiga.